Ladabin Harshe da Saɓanin Masu Karatu a kan Labaran Mma Ramotswe

Gabatarwa

A shekarar 1998 aka buga littafin The No. 1 Ladies' Detective Agency a birnin Edinburgh na ƙasar Sikotilan. Marubucinsa, Alexander McCall Smith, an haife shi a Bulawayo ta ƙasar Zimbabuwe ta yau a 1948, kuma ya koyar da ilimin shari'a a Jami'ar Botswana. Littafin ya zama mafarin jerin ƙagaggun labarai fiye da 20, an kuma fassara shi zuwa Faransanci da sunan Mma Ramotswe détective. Tauraruwar labaran, Precious Ramotswe, ta sayar da shanun da ta gada daga mahaifinta, ta buɗe ofishin binciken sirri a birnin Gaborone. Wannan muƙala ta duba ra'ayoyi biyu da masu karatu suka rarrabu a kansu, domin nuna cewa siffofin harshe iri ɗaya ne kowane ɓangare yake kafa hujja da su.

Ra'ayoyin biyu

Ɓangare na farko yana yaba labaran saboda kwantar da hankali. Wanda ya saba da labaran bincike na Turai da Amurka yakan jira gawa da bindiga da farautar mai kisa. A nan kuwa mafi yawan matsalolin na cikin gida ne: miji ya ɓace, wani ya zo yana da'awar shi ne mahaifin wata mata don ya ci arzikinta, ma'aikaci ya cuci maigidansa. Mma Ramotswe takan warware su da sauraro da sanin halin mutane, sau da yawa a kan kofin shayi, kuma sulhu ya fi hukunci yawa a ƙarshensu.

Ɓangare na biyu yana ganin taushin ya yi yawa. A ganinsu, Bature ne ya zana Afirka yadda za ta yi wa Turawa daɗin kallo, ya ba taurarinsa magana mai sauƙi har suka yi kama da marasa zurfin tunani, ya kuma kauce wa manyan matsalolin ƙasar.

Kalmomin girmamawa

Da Ingilishi aka rubuta labaran, amma marubucin ya bar wasu kalmomin Setswana yadda suke. Mafi yawan fitowa su ne Mma ga mace da Rra ga namiji, waɗanda tushensu uwa da uba ne, sai gaisuwar dumela. Mma Ramotswe da sakatariyarta Mma Makutsi ba sa kiran juna da sunan yanka duk da shaƙuwarsu. Haka nan bakanike J.L.B. Matekoni, da cikakken laƙabinsa ake ambatarsa ko bayan ya auri Mma Ramotswe.

Masu yabo suna cewa wannan ladabi ne yake sanyaya musu rai. Masu suka suna ganinsa ado ne na burge baƙo. Mai karatu Bahaushe yana da ma'aunin da zai gwada maganar, domin a cikin al'adarsa mace takan yi alkunyar sunan mijinta, ta ce Malam ko maigida, kuma ba a shiga maganar da ta kawo mutum sai an gama gaisuwa. Wato abin da wani zai ɗauka ƙawa ce ta marubuci, tsari ne na zamantakewa da harsunan Afirka da dama suke da shi.

Sakaya zance

Siffa ta biyu ita ce sakaya. Mma Ramotswe ba ta kiran kanta mai ƙiba, takan danganta jikinta da ƙirar matan gargajiya. Wannan raha ce. Inda sakayar ta yi nauyi shi ne batun cutar sida. A shekarun da littattafan farko suka fito, Botswana tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yi wa ɓarna a duniya. Labaran sun nuna marayu da majinyata, har ɗan'uwan Mma Makutsi ya yi jinya ya rasu, amma akan kewaye sunan cutar.

Masu suka sun kira wannan rufe ido. Masu karewa sun ce haka mutane suke magana a kan abin da ya fi ƙarfinsu, kamar yadda Bahaushe yakan ce wane ya riga mu gidan gaskiya. Sai dai akwai bambancin da ya kamata manazarci ya kula da shi: sakayar da ta fito daga bakin tauraro tana nuna al'adarsa, wadda ta fito daga bakin mai ba da labari kuwa zaɓin marubuci ce, kuma shi za a tambaya.

Ya kuma dace a tuna cewa labaran ba su rasa duhu ba. A littafin farko an sace yaro domin tsafi, kuma tauraruwar ta sha duka a hannun mijinta na fari, ta kuma rasa jaririnta. Taushin yana cikin yadda aka faɗi abin, ba cikin abin da ya faru ba.

Kammalawa

Ra'ayin mai karatu abin nazari ne, amma ba ya zama hujja sai an mayar da shi ga matani. Idan an ce labari yana da sanyi ko ya raina mutane, aikin ɗalibi shi ne ya nemo kalmar kira ko sakaya ko ginin jimlar da ta haifar da wannan ji, ya tantance wa ya furta ta, sannan ya tambayi wa aka rubuta wa. Ana iya gwada wannan hanya a kan fassarar Faransanci, a ga abin da ya saura na ladabin Mma da Rra bayan labarin ya ratsa harsuna uku.