TSOHON SOJA, BAKANIKE, MASASSAƘI, MAGIDANCI: ME MUKA RIƘE DAGA RAYUWARSA?

 

'Yan uwa, a gidajenmu da yawa an yi wani dattijo da ake ce wa Tsohon Soja. Wani kakansa ne, wani kakan mahaifinsa. Ka tambayi jikokinsa waye shi, amsar ba ta wuce "an ce ya je yaƙin Bama". Ina ne Bamar? Me ya yi a can? Da me ya ciyar da iyalinsa bayan ya dawo? Shiru. Darasinmu na yau a kan wannan dattijo ne.

DA FARKO, INA YA JE?

Ba Bama ta Jihar Borno ake nufi ba. Wata ƙasa ce gabas da Indiya, wadda yau ake kira Miyanma. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila, Japan ta ƙwace ta daga hannun Ingila a 1942. A 1943 Turawa suka kafa manyan rundunoni biyu, ta 81 da ta 82, daga Nijeriya da Gana (lokacin Gwalkwas) da Saliyo da Gambiya, aka loda su a jirgin ruwa zuwa Indiya. 'Yan Arewa suna da yawa a ciki, kuma Hausa ce harshen bariki a rundunar Nijeriya.

Inda aka tura su, yankin Arakan da kwarin kogin Kaladan, ƙurmi ne da tsaunuka, babu titi. Da adda da gatari da shebur sojojin runduna ta 81 suka sare hanyar jif mai tsawon kusan kilomita 120. Inda mota ta gaza, a ka ake ɗaukar harsashi da kayan asibiti, abinci kuma jirgin sama ke jeho shi. Ga ruwan sama, ga zazzaɓi da atuni, ga abokin gaba a ɓoye. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka karɓe garin Myohaung.

Ka ga Barikin Chindit na Zariya, da Dalet na Kaduna, da Myohaung da Arakan na Legas? Duk daga wannan yaƙi sunayen suka fito. Barikin Lokoja kuma sunan Chari Maigumeri yake ɗauke da shi, mutumin da ya fara soja a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, ya koma rundunar Ingila, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Shi an tuna da shi. Wasu kuwa sunansu kawai ya rage a bangon maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, cikin kusan mutum 27,000 da ba a san kabarinsu ba.

DA ME YA DAWO?

Yawancinsu sai a 1946 suka iso gida. Albashinsu da kuɗin sallamarsu ba su kai na Baturen da suka kwana rami ɗaya da shi ba, kuma aikin gwamnati da da yawa suka sa rai bai isa kowa ba. To amma akwai abin da ba a iya ƙwacewa: abin da hannu ya koya. Soja na buƙatar direbobi da kanikawa da kafintoci da masu haɗa waya, don haka ta koyar da dubbai. Ɗan ƙauyen da ya tafi bai taɓa riƙe sitiyari ba ya dawo yana sauke inji ya mayar.

Wannan ya zo daidai da lokacin da manyan motoci ke ƙaruwa a hanyoyin Arewa, suna kwasar gyaɗa da auduga zuwa tashar jirgin ƙasa. Sai ka ga tsohon soja ya zama direba ko bakanike a bakin tasha, da yara masu koyo a ƙarƙashinsa. Wanda ya gaji sassaƙa kuwa, in ƙarfin ɗaga giya ya ƙare, gizagon ubansa na nan: turmi daga ƙirya, allo daga aduwa, ƙotar fartanya, akushi, muciya. Da waɗannan aka sa hatsi a rumbu, aka aurar da 'ya'ya, aka kai wasu makaranta.

DARUSSA

Na ɗaya: sana'ar hannu ce ta riƙe shi. Lambar yaƙi tana cikin akwati, sifana ce ke kawo cefane. Matashin da ke riƙe da digiri yana jin kunyar baƙin mai a riga, ya sani cewa wataƙila da wannan baƙin man aka biya kuɗin makarantar mahaifinsa.

Na biyu: kada a yi gaggawar yanke wa dattijo hukunci. Akan ce tsohon soja mafaɗaci ne, ko ba ya son magana, ko yana firgita cikin barci. Likitoci yau sun san cewa wanda ya ga tashin hankalin yaƙi kan daɗe da ciwon a zuciya.  Matansu ne suka yi jinyar, da haƙuri, ba wanda ya ba su lamba. In za a tuna da shi, a tuna da su.

Na uku: "mutumin kirki ne" ba tarihi ba ne. Kowa ana faɗa masa haka ranar ta'aziyya. Abin da zai amfani jika shi ne ya ji wane kirki: wa ya koya wa aiki kyauta, wace mota ya ƙi sa wa tsohon kaya da sunan sabo, marayan wa ya riƙe.

ABIN YI

Mutanen Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Amma waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 akwai sauransu, masu shekara saba'in da wani abu zuwa sama da tamanin, wasu suna zaune a zauren gidanku yanzu haka. Ka je ka zauna a ƙasa, ka ce "Baba, ba ni labari", ka nemi izininsa ka naɗi muryarsa a waya. Abin da bai son faɗa, ka ƙyale shi. Ka adana takardar sallamarsa da hotunansa. Kayan aikinsa kada a sayar wa 'yan gwangwan. A bai wa wanda zai yi aiki da su. In ya rasu, a binciki bashinsa a biya, a riƙa gaida abokansa da yaran da ya yaye.

Wanda ya san sunan kakansa da inda ya yi soja, ya tara ƙannensa yau da daddare ya faɗa musu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya yafe musu kurakuransu, Ya sa mu cika da imani. Amin.