Babi na Shida: Sake Tsara Allon Gidan Abinci a Matsayin Aikin Aji

6.1 Gabatarwa

Ɗalibai da yawa suna ɗaukar ƙa'idojin rubutu abin jarrabawa kawai. Hanya ɗaya ta kawar da wannan zato ita ce malami ya ba su rubutun da ake ciniki da shi su gyara. Allon jerin abinci ya dace da wannan, domin mai karanta shi yana jin yunwa, yana kuma sauri.

Garin Yelwa na masarautar Yawuri misali ne mai kyau. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin da ya samu ya bunƙasa kamun kifi har zuwa Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski. Masu cin abinci a tasha da bakin ruwa sun haɗa da Sarkawa da Gungawa da Kambari da direbobin hanyar Kwantagora. Ga wasunsu Hausa harshe na biyu ce, wasu kuma ajami suka fi iyawa.

6.2 Gyaran Harshe

Nan ne aikin ya fi nauyi. Da farko a duba baƙaƙe masu ƙugiya. Allon da ya ce "farfesun kafa" ya sayar da abin da babu shi, domin kafa daban, ƙafa daban. Haka ƙwai da ƙosai da ɗanwake da tarwaɗa suke rasa ƙugiyarsu a hannun mai fenti.

Sai harafin nasaba. Miya tamace ce, saboda haka daidaitacciyar Hausa ta ce "miyar kuka". Mai karin harshen yamma zai furta "miyak kuka", wani kuma ya rubuta "miyan kuka". Bai kamata malami ya kira na farkon kuskure ba. Furucin gida ne mai tsarinsa, sai dai allo na baƙo da ɗan gari ne. Haka kuma "gasasshen kifi" ake rubutawa, ba "gasashshen" ba, domin harafin farko kaɗai ake ninkawa.

Sunayen kifi kuwa a bar su yadda masunta suke faɗa: giwan ruwa, karfasa, kurungu. Rubuta "kifi" zalla a garin da kowa ya san bambancinsu rowar bayani ce.

6.3 Tsarin Allo

A tara abinci kashi-kashi: tuwo da miya, shinkafa, kifi da nama, abin sha. Abin da gidan ya yi suna da shi ya hau sama da manyan haruffa. Kuɗi su jeru a gefen dama, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Launi biyu sun isa, mai duhu a kan mai haske, yadda za a karanta daga bakin ƙofa. Tun da farashin kifi yana hawa da sauka gwargwadon kamu, a bar gurbinsa don alli. Inda fili ya samu, a sa ajami ƙarƙashin boko.

Idan da kwamfuta aka tsara, a duba bugun gwaji kafin a biya kuɗi. Wasu nau'o'in haruffa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai akwati ya fito a gurbinsu.

6.4 Aiki

1. Ɗalibai su nemi izinin mai gidan abinci ɗaya, su kwafe allonsa yadda yake, ba gyara.
2. Su ware kurakuran ƙugiya da na nasaba da na raba kalma.
3. Su zana sabon allo a kwali, su tsayar da mutum uku taku biyar nesa da shi, su rubuta abin da kowanne ya kasa karantawa.