Wasiƙa Ga Matasa Kan Launin Fata da Cututtukansa

Zuwa ga matasa, maza da mata,

Launin fata yana samuwa ne daga sinadarin melanin, wanda wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin fata suke sarrafawa domin kare jiki daga illar hasken rana. Idan sinadarin ya yi ƙaranci, ko ƙwayoyin suka mutu, ko suka hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba, sai fata ta sauya.

Zabiya shi ne wanda aka haifa jikinsa ba ya samar da isasshen melanin. Gado ne daga uwa da uba duka, ko da su biyun baƙaƙe ne, don haka ɗora wa uwa laifi zalunci ne. Babban haɗarin da ke gabansa shi ne sankarar fata, saboda rana na ƙona shi kai tsaye. Kariyarsa malafa ce, da riga mai dogon hannu, da man kare rana, da guje wa ranar tsaka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 13 ga Yuni domin wayar da kai game da zabiya.

Albaras kuwa daga baya yake fitowa, lokacin da garkuwar jiki ta afka wa ƙwayoyin launi, sai farin tabo ya bayyana a fuska ko yatsu. Ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗauka ta musafaha ko cin abinci tare. Ƙyamar mai shi rashin sani ne.

Akwai kuma lahanin da mutum ke jawo wa kansa da man bilicin. Mai ɗauke da hydroquinone, idan aka daɗe ana shafawa, yana barin baƙin tabo a kumatu mai wuyar gogewa. Mai ɗauke da steroid yana sa fata ta yi sirara har ciwo ya ƙi warkewa, mai zaiba kuma yana lalata ƙoda.

Tawadar Allah tarin ƙwayoyin launi ce a wuri ɗaya, kuma mafi yawanta ba ta da illa. Wadda ake tsoro ita ce mai ƙara girma, ko mai gefe mara daidaito, ko launi fiye da ɗaya, ko faɗin da ya wuce milimita 6, ko mai zubar da jini. Irin wannan na iya zama melanoma, sankara mai saurin yaɗuwa. Ga baƙar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Ita ce ta yi ajalin mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981, yana da shekara 36, kuma daga babban yatsan ƙafarsa ta faro. Haka nan gyambo ko tabon ƙuna da ya shekara da shekaru bai warke ba yana iya rikiɗewa ya zama sankara.

Ido kaɗai ba ya tantance waɗannan. Likita kan yanki ɗan nama a kai ɗakin bincike a duba da madubin likita. Saboda haka kada a kai tsiro wurin wanzami, kada a ƙona shi ko a ɗaure shi da zare. Matashi ya riƙa duba fatarsa, har da tafin ƙafa, ya kuma duba ta iyayensa tsofaffi. Sankarar fata da aka gano da wuri galibi tana warkewa da ƙaramin aikin tiyata.