Yadda Ake Kauce wa Tarar Jinkirin Biyan Katin Bashi

Katin bashi, wanda ya bambanta da katin cire kuɗi da ma'aikata da 'yan kasuwa ke riƙewa a Najeriya da Nijar, kati ne da banki ke bai wa mutum domin ya yi sayayya da kuɗin bankin har zuwa wata iyaka da aka ƙayyade masa, sannan ya biya bayan kowane zagaye na kimanin wata guda. Idan ranar biya ta wuce kuɗin bai isa bankin ba, sai a ɗora wa mai katin tarar jinkiri, wadda kuɗi ne tsayayye da bai damu da ko kwana ɗaya aka makara ko kwana ashirin ba. Tsarin ya fi kafuwa a Amurka da Birtaniya, kuma dokokin can ne suka fi fayyace shi, domin a Amurka kaɗai kamfanonin kati sun karɓi sama da dala biliyan 14 na wannan tara a shekarar 2022, bisa ƙididdigar CFPB, hukumar da ke kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi. Kaso mai yawa na wannan makara mantuwa ce da rashin daidaita ranaku ke haifarwa, kuma irin wannan ana magance shi da tsarin da ake kafawa sau ɗaya.

Mataki na farko shi ne mai kati ya karanta takardar bayanin asusunsa ta wata, ya fitar da ranaku biyu da adadi biyu. Ranar rufe lissafi ita ce ranar da banki ke tattara duk sayayyar zagayen ya haɗa jimla, ranar biya kuwa ita ce wa'adin ƙarshe, kuma rikita su biyun na daga cikin kurakuran sabon mai kati. Adadi na farko shi ne cikakken bashin zagayen, na biyu kuma shi ne mafi ƙarancin biya, wato ɗan kason da idan aka biya shi a kan lokaci ba za a ci mutum tara ba, ko da yake ragowar bashin za ta ci gaba da tara kuɗin ruwa. Dokar katin bashi da shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a watan Mayun 2009 ta wajabta wa bankunan Amurka su aika da takardar aƙalla kwana 21 kafin ranar biya, su riƙe ranar a kwanan wata ɗaya kowane wata, kuma kada su ɗauki kuɗin da ya iso kafin ƙarfe 5 na yamma a ranar a matsayin wanda ya makara. Ƙarfe biyar ɗin na agogon yankin da aka rubuta a takardar ne, abin da ya kamata matafiyi ya lura da shi.

A wannan karatun ne ya dace mutum ya san girman tarar da ke jiransa. A Amurka, adadin da doka ta amince banki ya karɓa ba tare da sai ya kare hujjarsa ba ya fara ne da dala 25 a makarar farko da dala 35 idan aka sake makara cikin zagaye shida masu biyowa, a shekarar 2010, kuma ya hau zuwa dala 30 da dala 41 a 2022 saboda ana ɗaga shi bisa hauhawar farashi. A watan Maris na 2024 hukumar CFPB ta fitar da ƙa'idar da za ta sauke shi zuwa dala 8 ga manyan kamfanoni, amma wata kotun tarayya a jihar Texas ta dakatar da ita kafin ta fara aiki, aka kuma soke ta a Afrilun 2025. Ƙa'idar da ta rage, wadda mutane da yawa ba su sani ba, ita ce tarar ba za ta wuce mafi ƙarancin biyan da aka makara a kansa ba. A Birtaniya kuwa, tun da ofishin kula da adalci a kasuwanci ya bayyana a 2006 cewa tarar da ta haura fam 12 za a ɗauke ta a matsayin zalunci, yawancin bankuna suka tsaya a kan wannan adadi.

Mataki na biyu gajere ne: a nemi banki ya matsar da ranar biya zuwa kwana uku ko huɗu bayan shigowar albashi, abin da yawancin bankuna ke yarda da shi ta manhajar waya ko ta kira ɗaya.

Mataki na uku, wanda shi ne ginshiƙin al'amarin, shi ne kafa umarnin biya na dindindin, wato izinin da mai kati ke bai wa banki ya riƙa cire kuɗi daga asusunsa na yau da kullum a ranar biya ba tare da an sake tambayarsa ba. Akan ba da zaɓi tsakanin cire mafi ƙarancin biya, ko cikakken bashin, ko wani adadi tsayayye. Wanda kuɗin shigarsa ke zuwa a kan kari, kuma asusunsa ba ya bushewa, cikakken biya ya fi masa, domin shi ne ke kare rangwamen kwanakin da ba a lissafa kuɗin ruwa a kan sayayya, rangwamen da ke ɓacewa da zarar an bar ragowa ta tsallaka zuwa wata mai zuwa. Amma ga ɗan kasuwa ko mai aikin kwangila da kuɗinsa ke zuwa yau da yawa gobe babu, ya fi hikima ya ɗora umarnin a kan mafi ƙarancin biya kawai, ya zama kariya daga tara, sannan ya biya sauran da hannunsa. Zaɓi na uku, na adadi tsayayye, shi ne mafi haɗari duk da kyan ganinsa, domin mafi ƙarancin biya yana hawa idan bashi ya ƙaru, kuma ranar da ya haura adadin da aka tsayar za a ci mutum tara alhali kuɗi ya fita daga asusunsa. Haka nan idan asusun babu isasshen kuɗi, biyan zai dawo, kuma dawowar tana da tata tarar, ko da yake ƙa'idar Amurka ta hana banki haɗa tara biyu a kan abu guda. Sabon umarni kuma sau da yawa ba ya kama zagayen da aka kafa shi a ciki, don haka watan farko da hannu ake biyansa.

Mataki na huɗu ya shafi wanda ke biya da kansa, kuma ƙa'idarsa ita ce ranar isar kuɗi ake dubawa, ba ranar aika shi ba. Tura kuɗi daga wani banki daban na iya ɗaukar kwanakin aiki ɗaya zuwa uku a Amurka, wanda ya taso daga wata ƙasa kuma ya fi haka, saboda haka ɗalibi ko ma'aikacin da ya zo hutu Kano ko Zinder ya bar kati a Amurka zai fi samun kwanciyar hankali idan ya biya kafin ya taso. Saƙon tunatarwa na waya, wanda aka sa ya zo kwana biyar kafin wa'adi, ya wadatar.

Idan kuma an riga an makara, abin yi shi ne a biya mafi ƙarancin adadin nan take, sannan a kira banki a nemi yafiyar tarar, domin bankuna da dama suna yafe ta farko ga wanda tarihin biyansa ke da tsabta, sai dai ba safai suke yi ba sai an roƙa. Gaggawar tana da dalili, domin tarar ita ce ƙaramar asara. A Amurka ba a kai rahoton makara ga kamfanonin tarihin bashi, wato Equifax da Experian da TransUnion, sai ta kai kwana 30, amma da zarar an kai, tabon na iya zama shekara bakwai a fayil ɗin mutum, kuma tarihin biya shi ne kashi 35 cikin ɗari na makin FICO da masu ba da rancen gida da mota ke dubawa. Idan makarar ta wuce kwana 60, banki na da ikon ɗora kuɗin ruwan horo a kan tsohon bashin ma, kuma ba a wajabta masa janye shi ba sai an yi biya shida a jere a kan lokaci. A Najeriya ma akwai kamfanonin tarihin bashi irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma tun daga Agustan 2020 Babban Bankin ƙasar ya ba bankuna damar ƙwato bashin da aka ƙi biya daga asusun mutum na wasu bankuna ta hanyar lambar BVN.

Ga Musulmin da ke gudun riba, biyan cikakken bashi kafin wa'adi shi ne hanyar da kuɗin ruwa da tara ba za su hau kansa ba, ko da yake malamai sun yi saɓani a kan halaccin sa hannu a yarjejeniyar da ke ɗauke da sharaɗin ruwa tun asali. Bankunan Musulunci da yawa kuwa sadaka suke bayarwa da tarar da suka karɓa. Wanda ya tabbata ya biya a kan lokaci amma aka ci shi tara, ya adana shaidar biyan, ya rubuta wa bankin ƙorafi, domin dokar gyaran kurakuran lissafi ta Amurka ta 1974 kwana 60 ta ba shi daga ranar da aka aika takardar da kuskuren ya fara bayyana a cikinta, kuma ƙorafin baki ta waya ba ya riƙe masa wannan haƙƙi.