Darasi: Harafin "s" a Adireshin Kantin Intanet

A yau akwai kantunan da ba su da rumfa a kasuwa. Suna cikin intanet. Mutum zai ga kaya a wayarsa, ya zaɓa, ya biya da katin banki, a kawo masa. Kowane kanti irin wannan yana da adireshinsa.

Wa ke rubuta adireshin?

Kanti ɗaya yana iya tara kaya dubbai. Kowane kaya da shafinsa, kowane shafi da adireshinsa. Ba mutum ne ke rubuta su ɗaya bayan ɗaya ba. Kantin yana da kwamfuta mai aiki dare da rana. Ita ce ke haɗa adireshin, bisa umarnin da masanin kwamfuta ya rubuta mata.

Adireshi kashi uku ne. Na farko, hanyar da saƙo zai bi, wato http ko https. Na biyu, sunan kantin. Na uku, wurin da kayan yake a cikin kantin.

Bambancin http da https

Harafi ɗaya ne ya raba su, amma bambancin babba ne. Saƙon da ya bi http kamar wasiƙa ce da aka ba yaron mota ba ambulan. Duk wanda ta shiga hannunsa zai iya karantawa. Saƙon da ya bi https kuwa, ana juya shi ya zama rubutun sirri. Ba mai gane shi sai wayar mai saye da kwamfutar kantin. Wani kamfani na Amurka mai suna Netscape ne ya fito da https a 1994.

Aikin masanin kwamfuta

1. Ya samo wa kantin shaidar tsaro. Tana da wa'adi, dole a riƙa sabunta ta.
2. Ya umarci kwamfuta ta fara kowane adireshi da https. Ya rubuta umarnin a wuri ɗaya, don kada a manta da wani shafi.
3. In mai saye ya shigo ta http, kwamfuta ta mayar da shi https nan take.
4. Kada lambar kati ko lambar sirri ta shiga cikin adireshi, domin waya da kwamfuta suna ajiye adireshin da aka ziyarta.

In aka bar shafin biyan kuɗi a kan http, an yi katanga ke nan an bar ƙofar baya a buɗe. Ɓarawo zai iya tsintar lambar kati a hanya, ya kwashe kuɗin mutum.

Abin da mai saye zai duba

Kafin mutum ya rubuta lambar katinsa, ya dubi saman shafin. Tun 2018 manhajar Chrome take yin gargaɗi a kan shafin http cewa babu tsaro. Wanda ya ga haka ya dakata.

Amma a lura. Harafin "s" hanya kawai yake tsarewa. Ba ya nuna cewa mai kantin mutumin kirki ne. Tun 2015 wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt take ba da shaidar tsaro kyauta, kuma mazambata ma suna samu. A da Chrome tana nuna hoton kwaɗo a gefen adireshi. Ta cire shi a 2023, saboda mutane suna ɗaukarsa shaidar gaskiya.

Mazambaci yakan canza harafi ɗaya a sunan sanannen kanti. Don haka mai saye ya karanta sunan a tsanake, harafi bayan harafi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Kashi nawa ne adireshin kanti?
2. Mene ne bambancin http da https?
3. Me ya sa harafin "s" shi kaɗai bai isa ba?