Yaushe Ɗan Sanda Ke Fara Cin Fansho?

Wani mai sauraro daga Daura, jikan ɗan doka, na tambaya ko 'yan sandan gari na da tasu ƙa'idar fansho.

To Malam, tun zamanin Gowon aka shigar da 'yan dokan En'e cikin rundunar tarayya, don haka ƙa'ida ɗaya ce daga Daura har Legas. Dokar da Buhari, ɗan garinku, ya sa wa hannu a 2020 ta ce ɗan sanda zai ajiye kaki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga.

Fansho kuwa, a dokar fansho ta 2014, sai ya kai shekara 50 da haihuwa, in ba rashin lafiya ta fitar da shi ba.