Filin Shawara: Wace rigar iska zan fara saya?

Anti, ni ma'aikaciyar jinya ce a Jidda. Bayan Babbar Sallah na gama kwas ɗin nutso na farko, aka ba ni shaidar sauka har mita 18. Tun daga nan Bahar Maliya ta shiga raina, duk ranar hutu ina Obhur. Damuwata ita ce rigar iska, wadda masu nutso ke kira BCD. Ta haya nake sawa, da na shiga ruwa sai ta hau min har kunne, tukunyar iskar shaƙa kuma ta riƙa rangaji a bayana. Na tara 'yan kuɗina zan sayi tawa. Mai shago ya nuna min wata mai aljihuna rututu, ya ce ita ce ta manya. Wani abokin aikina ya ce in sayi mai fiffike a baya. Wata kuma za ta sayar min da tata a rabin kuɗi. Kaina ya ɗaure.

'Yarki a Jidda

'Yata, Allah Ya tsare min ke a ruwa da tudu. Rigar da ke hawa miki har kunne ta yi miki yawa, kuma girman riga za ki sa a gaba kafin sunan kamfani ko yawan aljihu. Tukunya a baya kamar goyo ce, in zani ya yi sako-sako uwa ba ta da sukuni.

Ranar da za ki shago, ki tafi da rigar robar da kike nutso da ita, ki gwada a kanta, ba a kan abaya ba. Ki ɗaure ƙugu, ki ja madaurin kafaɗa, sannan ki ce wata ta kama rigar ta kafaɗu ta ja sama da ƙarfi. In ta taɓa kunnenki, ki cire. Wadda ta zauna, ki hura ta da baki har ta cika tam, ki ja dogon numfashi. In ta matse miki haƙarƙari, ta yi kaɗan. Ki duba kuma kada madauran su kai ƙarshensu, domin wata rana za ki sa roba mai kauri. Scubapro, Mares, Cressi da Aqualung duk suna ɗinka ta mata, mai gajeren baya, da madaurin da ke kauce wa ƙirji. Ki tambaye ta da bakinki, ba kowane mai shago ke fito da ita ba.

Abokin aikinki bai faɗi ƙarya ba. Mai fiffike tana tara iskar a baya kaɗai, ƙirji ya sarara, mutum ya miƙe samɓal a ƙarƙashin ruwa. Yawancinsu suna da madauri da ke bi ta tsakanin ƙafafu, shi ke hana riga hawa sama. Sai dai a saman ruwa, in kika cika ta da yawa, tana tura fuska gaba, kuma sabon shiga yakan firgita in ya ga igiyar ruwa. Irin wadda kika koya da ita tana zagaye jiki da iska, ta tsayar da ke ƙyam kina jiran jirgi. Ni dai da 'yar cikina ce, ita zan ce ta fara da ita, in dai ta zauna mata daidai. Amma gani ya kori ji: ki yi hayar kowacce ki sauka da ita. Abin da ba ki shiga ruwa da irinsa ba, kada ki ba da kuɗinki a kansa.

Kada kuma a ruɗe ki da ƙarfin ɗagawa. Aikin rigar shi ne cike giɓi biyu. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 tana ɗauke da iskar da ta kusa kilo 3, kina shaƙa tana sauƙi. Rigar roba kuma tana matsewa yayin da kike sauka, domin a mita 10 matsin ya ninka na saman ruwa. Ga ruwa mai ɗumi irin naku, da siririyar roba da tukunya ɗaya, riga mai ɗaga kilo 12 zuwa 15 ta ishe ki.

Inda nake ji miki tsoro shi ne dalma. Gishirin Bahar Maliya ya kai kusan giram 40 a lita, na yawancin tekuna kuwa 35 ne, don haka ruwanku ya fi ɗaga mutum, kuma akan labta wa ɗalibai dalma don su nutse da wuri. Sai a yi ta danna iska a riga don a biya wannan nauyin, iskar ta kumbura da an ɗan hau, mutum ya yi ta sama da ƙasa. Ki sa malaminki ya sake gwada ki: riga ba iska, numfashi daidai a ƙirji, ruwa ya tsaya miki a saitin ido. A ƙarshen nutso, da bar 50, ki iya tsayuwar minti 3 a mita 5 rigar kusan wayam. In rigar mai aljihun dalma ce, ki rufe ido ki zare shi da hannu ɗaya, ki mayar har ki ji ya ce ƙas. Haka ki laluba bawul na kafaɗa da na ƙugu.

Ta hannu ba laifi ba ce, in girmanki ce. Ki hura ta ta cika, ki bar ta ta kwana. In da safe ta saki, tana yoyo. A jona ta da tukunya ki danna maɓallin iska ki saki, ki gani ko yana dawowa nan take. Gishiri kan daskare a ciki ya maƙale shi, riga ta yi ta cika ta harba mutum sama, huhu ya ji rauni. Ki kai wa masu gyara su duba kafin ki biya. Bayan kowane nutso ki zuba ruwan famfo a cikinta, ki girgiza, ki tsiyaye, ki shanya a inuwa da 'yar iska a ciki.

* * *

Anti, na ga rigar masu nutso mai tiyo a gwanjo a Legas. Mahaifina yana yawan tsallaka kogi a kwalekwale a Yawuri. In saya masa?

Ɗanki a Legas

Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da wannan tunani, amma kada ka saya. Wannan riga ba ta ɗaga kowa sai an hura ta, kuma ba a yi ta don ta juya wanda ya suma fuskarsa ta kalli sama ba. Ka nema wa Baba rigar ceto ta ainihi, mai soso a ciki da abin tallafe wuya, daidai nauyinsa. Ka roƙe shi ya ɗaure ta tun a gaɓa, kafin ya taka jirgi.